Yadda Ƙungiyar Ƙwallon Jami'a Ke Samun Tarihi da Al'ada: Amsa ga Wani Ɗalibi a Katsina

Tambayar ta fito ne daga wani ɗalibi ɗan aji uku a ɗaya daga cikin jami'o'in Jihar Katsina, wanda shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantarsu. Ya ce yana ganin yadda jami'o'in ƙasashen waje ke tinƙaho da ƙungiyoyinsu, da waƙoƙinsu, da wasannin da aka fi shekara 100 ana bugawa, alhali su a nan ko sunan wanda ya riƙe kyaftin shekara biyar baya babu mai iya faɗa. Yana so ya san asalin wannan abu, da dalilin da ya hana shi kama ƙasa a wajenmu, da kuma ko jami'ar da ba ta daɗe da kafuwa ba za ta iya samun irinsa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, domin ka tambayi abin da shugabannin wasanni da yawa ba su tsaya sun tambayi kansu ba. Kafin in kai ka ƙasashen waje, ina so ka riƙe wani bambanci guda, wanda duk sauran bayanin a kansa ya rataya. A kulob ɗin gari, ɗan wasa yana iya shekara goma yana sanye da riga ɗaya, har magoya baya su san shi kamar ɗan gidansu. A jami'a kuwa, duk bayan shekara huɗu ko biyar babu ko mutum ɗaya da zai rage daga cikin waɗanda suka fara tare, kuma 'yan kallon ma haka suke tafiya. Saboda haka ƙungiyar jami'a ba ta da abin da za ta dogara da shi wajen ɗorewa sai abin da masu fita suka danƙa wa masu shigowa: ranar wasa da ba ta canzawa, abokin hamayya da aka sani, launin riga, waƙa, da rubutaccen tarihi. Inda aka kiyaye waɗannan, ƙungiya takan rayu ko ba ta cin kofi. Inda aka yi sakaci da su, kowace shekara sabuwar ƙungiya ake kafawa, ko da kuwa sunan bai canza ba.

Ƙwallon ƙafar da muke bugawa a yau, a hannun ɗalibai ta samu dokokinta. A Ingila ta ƙarni na 19, kowace babbar makarantar kwana tana da irin nata wasan, wasu suna yarda a ɗauki ƙwallo da hannu, wasu ba su yarda ba. Da waɗannan yara suka haɗu a Jami'ar Kambirij, sai wasa ya gagara, domin kowa dokar makarantarsu yake bi. Wannan ne ya sa a 1848 wasu daga cikinsu suka zauna suka rubuta dokoki na bai-ɗaya, kuma tunanin da ke cikin dokokin Kambirij ya yi tasiri a kan waɗanda suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a Landan a 1863. A shekarun farko na Kofin FA, ƙungiyar Jami'ar Okusfod tana cikin manya, har ta ɗauki kofin a 1874. A wannan shekarar ce kuma Okusfod da Kambirij suka fara karawarsu ta shekara-shekara. Daga baya da ƙwallo ta zama sana'a, kulob-kulob na garuruwan masana'antu suka yi wa jami'o'i fintinkau, kuma yau babu mai tsammanin Okusfod ta sake ɗaukar wannan kofi. Duk da haka karawar jami'o'in biyu tana nan, domin ba a kan kofin ƙasa aka gina ta ba.

Abin da ka fi gani a talabijin da intanet, inda filin wasa ke cika maƙil da ɗalibai sanye da launi ɗaya, galibi daga Amurka yake, kuma wasan nasu ba irin namu ba ne: ƙwallonsu doguwa ce, kuma da hannu aka fi sarrafa ta. Amma farkonsa ya fi kama da namu. Ranar 6 ga Nuwamba, 1869, ɗaliban jami'o'in Rutgers da Princeton suka kara, mutum 25 a kowane ɓangare, ana bugun ƙwallo da ƙafa, Rutgers ta yi nasara da ci 6 da 4. Harvard da Yale suka fara tasu karawar a 1875. Wasan ya riƙa sauya kama yana ƙara tsanani, har ta kai ana rasa rayuka a fili, abin da ya sa Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki a 1905, aka kuma kafa ƙungiyar da ta zama NCAA a 1906 don tsara wasannin jami'o'i.

Dalilin ƙarfin abin a can a bayyane yake. Wasan jami'o'i ya girmi gasar ƙwararru ta NFL da kusan shekara 50, tunda ita sai a 1920 aka kafa ta, don haka kafin kulob ɗin kuɗi ya zo, jama'a sun riga sun ba jami'o'i zukatansu. Har yau akwai jihohi irin su Alabama da Nebraska da ba su da ƙungiya a NFL, ƙungiyar jami'a ita ce ta kowa da kowa, har da wanda bai taɓa shiga aji ba. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. Sannan tsarinsu ya sa jami'a ta zama ƙofar shiga gasar ƙwararru, ta yadda yaro mai hazaƙa kusan dole ne ya bi ta nan.

Sai dai abin da nake so ka lura da shi a wajensu ba girman fili ba ne, ƙanƙantar abubuwan da suka zama al'ada ne. A farkon 1922, ƙungiyar Jami'ar Texas A&M tana wasa, 'yan wasanta suka yi ta jin rauni har benci ya kusa ƙarewa. Kocinsu ya aika aka kira wani ɗalibi mai suna E. King Gill daga cikin masu kallo, ya sa rigar wani da ya ji rauni, ya tsaya a bakin fili yana jiran a ce ya shiga. Har aka tashi ba a buƙace shi ba. Amma daga wannan tsayuwa tasa ɗaliban makarantar suka ɗauki al'adar kallon wasa a tsaye tun daga farko har ƙarshe, suna kiran kansu ɗan wasa na 12, ma'ana kowannensu a shirye yake idan an kira shi. Haka kuma a 1903, bayan Michigan da Minnesota sun yi kunnen doki, 'yan Michigan suka tafi suka bar tulun ruwan shansu. Masu gida suka riƙe shi, aka ce in suna so su zo su ci wasa su karɓa. Wannan tulu, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne har yau jami'o'in biyu ke fafatawa a kansa. Babu kwamitin da ya zauna ya ƙirƙiro ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abu ne ya faru, wani ya ga ya cancanci a tuna, na bayansa kuma suka ƙi yarda a manta.

Ba na so ka ɗauka komai na Amurka abin koyi ne. Kuɗin da ya shiga wasan ya kai inda a wasu jihohi kocin jami'a ya fi kowane ma'aikacin gwamnati albashi, kuma an daɗe ana ƙorafin cewa karatun wasu 'yan wasan suna ne kawai. Ni a ganina jami'ar da ta yarda ɗalibinta ya fita da raunin gwiwa ba tare da ilimi ba ta ci amanarsa, ko kofi nawa ya ɗauko mata.

Misalan da suka fi kusa da mu suna ƙasashen da ke buga irin ƙwallonmu. A Fotugal akwai Académica ta birnin Coimbra, ƙungiyar da ta fito daga ƙungiyar ɗaliban tsohuwar jami'ar garin, wadda ke sanya baƙaƙen kaya irin na ɗaliban can. Ita ce ta fara ɗaukar Kofin Fotugal a 1939. A 1969, lokacin da ɗaliban Coimbra ke takun-saƙa da gwamnatin kama-karya, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe da Benfica. 'Yan wasan suka shigo fili da baƙaƙen mayafansu na ɗalibta a kafaɗa alamar makoki, ɗalibai suka cika wurin da kwalaye masu ɗauke da buƙatunsu, shugaban ƙasa ya ƙi halarta, gidan talabijin kuma bai nuna wasan ba. Benfica ce ta ci 2 da 1 bayan ƙarin lokaci, Eusébio ya zura ƙwallon ƙarshe, amma a Coimbra wannan wasa da aka sha kashi ana ba da labarinsa da alfahari kamar na ranar ɗaukar kofi. A Meziko kuwa, ƙungiyar Pumas ta babbar jami'ar ƙasar, wadda aka kafa a 1954, tana wasa a filin da ke cikin harabar jami'a, kuma kafin a busa usur 'yan wasa da magoya baya sukan ɗaga hannu su rera taken makarantar. Daga nan Hugo Sánchez ya fito, wanda ya karanta aikin likitan haƙori a jami'ar kafin ya yi suna a Real Madrid.

Akwai kuma darasi mai ɗaci a Afirka ta Kudu. Ƙungiyar Jami'ar Wits, wadda ɗalibai suka kafa a 1921, ta girma har ta ɗauki kofin gasar ƙasar a 2017, amma a lokacin ikonta ya riga ya koma hannun kamfani. A 2020 aka sayar da gurbinta a gasar, saura shekara ɗaya ta cika 100.

Mu dawo gida. A Nijeriya ƙwallo ta riga jami'a zuwa, kuma wannan shi ne tushen bambancinmu da Amurka. An fara gasar kulob-kulob ta Kofin Gwamna, wanda ya koma Kofin Ƙalubale, a 1945, alhali Kwalejin Jami'a ta Ibadan sai a 1948 aka buɗe ta, Nsukka a 1960, Jami'ar Ahmadu Bello da ta Legas da ta Ife kuma a 1962. Kafin nan ƙwallo ta riga ta yi gida a ƙungiyoyin ma'aikatan jirgin ƙasa, da na kamfanoni, da na garuruwa, da makarantun sakandare. Bugu da ƙari, a ƙwallon ƙafa yaro mai baiwa yakan fara neman kulob tun yana shekara 16 ko 17, daidai lokacin da takwarorinsa ke rubuta jarrabawar shiga jami'a, don haka hanyoyin biyu suka rabu tun daga tushe.

Duk da haka an yi yunƙuri na gaske. An gudanar da wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, karo na farko a Ibadan a 1966, tsakanin jami'o'i biyar ɗin da ake da su a lokacin, kuma ka lura cewa Jami'ar Ahmadu Bello shekararta huɗu kacal da kafuwa sa'ad da ta shiga. A shekarun 1970 karatu da ƙwallo ba su zama kishiyoyi ba. Cikin tawagar da ta ɗauki Kofin Afirka a Legas a 1980, bayan ta doke Aljeriya da ci 3 da nema, akwai Adokiye Amiesimaka da ya karanta shari'a a Jami'ar Legas, wanda daga baya ya zama kwamishinan shari'a na Jihar Ribas, da Segun Odegbami da ya karanta injiniyanci a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan, wanda ya zura biyu daga cikin ƙwallaye ukun. Bayansu an samu irin su Seyi Olofinjana, da ya gama digirin injiniyancin sinadarai a Ogbomosho kafin ya buga wasa a Ingila.

Abin da ya karya ƙashin bayan wannan yunƙuri shi ne rashin tsayayyen lokaci. An tsara NUGA a kan duk bayan shekara biyu, amma dubi yadda ta kasance daga 2014 zuwa 2022: Ife a 2014, Makurɗi a 2017, Legas a 2022. Tsakanin Makurɗi da Legas, ɗalibi zai iya shiga jami'a ya gama digirinsa bai taɓa ganin NUGA ba. Ka haɗa da yajin aikin malaman jami'o'i, wanda ya ci kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, sai ka ga cewa ko ƙungiya mai kyau aka haɗa, kafin a dawo rabinta ya watse. A 2018 an ɓullo da gasar ƙwallon manyan makarantu, HiFL, wadda ta ba ƙungiyoyi sunaye irin su ABU Nobles da BUK Stallions da UNIMAID Desert Warriors. Ƙungiyar Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ce ta fara ɗauka, ta Kalaba ta biyo baya a 2019, ta Maiduguri kuma a 2021. Gasar ta nuna cewa ɗalibai suna fitowa kallo idan an shirya musu abu mai tsari, amma suna da aka raɗa daga waje ba ya zama al'ada sai mutanen ciki sun riƙe shi shekara da shekaru.

A tsawon aikina na horar da ɗalibai, abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda shirin gasa yake kasancewa a makarantu da dama. Takarda takan iso saura mako biyu a fara wasannin share fage. Sai a manna sanarwa a allo, a tara yara 60 a fili da la'asar, a zaɓi 20 a yini biyu. Ranar tafiya mai kula da sito ya buɗe akwati ya fito da jesi, wata lambarta ta goge, wata wandonta na wata kala ce daban, mai tsaron gida kuma ya ari safar hannu daga ƙungiyar unguwarsu. A je a buga wasa uku, a dawo cikin dare, washegari a ƙirga rigunan a mayar sito, shi ke nan. Babu wanda ya rubuta wa ya ci ƙwallo, babu hoton da aka rataya a ko'ina, kuma yaron da ya tsare bugun fenareti biyu ya kai makarantarsa zagaye na gaba zai karɓi takardar kammalawa ya tafi ba tare da ko malamin sashensu ya san ya taɓa yin haka ba. Irin wannan ba ƙarancin kuɗi ne kaɗai ya jawo shi ba, domin littafi da biro ba su da tsada.

Kai da kake Katsina ba ka da dalilin ɗaukar wannan al'amari a matsayin baƙon abu. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, kuma ta koma Kaduna a 1938 kafin ta zarce Zariya ta zama Barewa, ta ɗauki wasanni da muhimmanci ƙwarai. Wasan fayis, wanda ake bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, a makaranta ya fara, kuma Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da shi tun yana ɗalibi a nan. Tsofaffin ɗalibai ne suka tafi da shi garuruwansu, suka gina masa wurare, shi ya sa har yau ake buga shi a Katsina da wasu biranen Arewa. Ƙwallon dawaki ma haka ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi fice a cikinta, gidaje suka gada. A ƙwallon ƙafa kuma, waɗanda suka manyanta suna tuna yadda Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, ba ta ɗauka ba ko sau ɗaya, amma zancen bai mutu ba. Garin da ya iya riƙe waɗannan zai iya riƙe ƙungiyar jami'a.

Ƙuruciyar jami'o'in jihar ma ba cikas ba ce. Al-Qalam ta samu lasisi a 2005, Jami'ar Umaru Musa Yar'adua an kafa ta a 2006, ta Tarayya da ke Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Jami'ar Sufuri a Daura da ta zo daga baya. Wannan ma wata dama ce da tsofaffin jami'o'i suka rasa, domin waɗanda suka buga wa makarantarku wasa a shekarar farko yawancinsu suna raye, suna aiki a ma'aikatu da makarantu da kasuwanni, kuma lambar wayarsu ba za ta yi wuyar samu ba.

Abu na farko da zan ba ka shawara a kai, kuma wanda na fi ba muhimmanci nesa ba kusa ba, shi ne karawa guda ɗaya ta shekara-shekara da maƙwabciyar jami'a. Kada ku jira NUGA, kada ku jira mai ɗaukar nauyi daga Legas. Tsakanin Katsina da Dutsin-Ma tafiyar kusan awa ɗaya ce, Daura ma ba ta fi haka da yawa ba, don haka mota biyu sun isa, kuma ba a buƙatar masauki. A sa hannu a takarda tsakanin daraktocin wasanni na makarantun biyu cewa bana a gidanku, baɗi a gidansu, kuma a tsayar da lokacin da ba ya motsi. Ni zan zaɓi lokacin hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, domin zafin Maris zuwa Mayu a nan yana da haɗari ga mai gudu na minti 90, damina kuma tana ɓata filayen da ba su da magudanar ruwa. A fara bayan sallar La'asar a tashi kafin Magariba, idan kuma azumi ya faɗo a lokacin, a rubuta tun farko cewa za a buga a mako na biyu bayan Sallah. Ku guji yammacin Asabar da Lahadi, saboda ba za ku iya ja da gasar Firimiya ba, ɗalibanku suna gidajen kallo a wannan lokaci. Laraba ko Alhamis ta fi. Idan abin ya kafu har harabar makaranta ta yi kaɗan, filin wasa na Muhammadu Dikko yana nan.

Hamayyar kuma a gina ta irin ta wasan barkwanci da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Katsinawa da Nufawa, inda ake tsokana iya tsokana amma kowa ya san iyakar da ba a ƙetarewa. Mai masauki ya tarbi baƙi da ruwa da abinci, a yi salla tare, kuma a yarda a rubuce cewa makarantar da magoya bayanta suka yi jifa ko suka taɓa alƙalin wasa ta rasa damar karɓar baƙuncin wasa na gaba. Na ga karawa masu kyau da suka mutu saboda rigimar yini ɗaya, domin hukumar makaranta ba ta da abin da ya fi mata sauƙi irin ta ce an dakatar.

Kofin da za a riƙa fafatawa a kansa kada ya zama irin na kanti, wanda ake sayowa kowace shekara a ba mai nasara ya tafi da shi ofishin wani. A samu abu ɗaya tilo mai alaƙa da ƙasar nan, aikin maƙeri ko na baduku, ko siffar hasumiyar Gobarau, ko guga irin ta rijiyar Kusugu idan da 'yan Daura ake karawa, a riƙa zana shekara da sakamako a jikin katakon da yake zaune a kai. Launin riga ma a tsayar da shi a rubuce, a daina barin wanda ya ba da kyautar jesi ya zaɓa muku kala. Batun waƙa kuwa, mu Hausawa ba ma buƙatar aro, tunda muna da kirari da take da kalangu. Katsina ta Dikko ce ɗakin kara, Daura ta Abdu ce tushen Hausa, kuma a sashen Hausa na kowace jami'a akwai ɗaliban da za su iya tsara wa ƙungiya kirarinta, su yi wa mai tsaron gida nasa, su yi wa kyaftin nasa. Abin da zan gargaɗe ka kawai shi ne kada ku tilasta. Ku gwada da yawa, wanda bakin ɗalibai ya kama shi zai zauna.

Sai littafi. A sayi babban rijista mai kauri, a rubuta kowane wasa: rana, fili, sunayen 'yan wasa da sassansu da garuruwansu, waɗanda suka ci, alƙalin wasa, da layi biyu ko uku kan abin da ya faru. A ɗauki hoton ƙungiya kowace shekara a wuri guda, a wanke shi a rataya, domin hoton da ke cikin waya yana tafiya ne tare da mai wayar. Kwafi ɗaya ya zauna a ɗakin karatu na jami'a, inda ma'aikata suka san yadda ake adana takardu. Shafukan farko kuma a bar su ga shekarun da suka wuce, ku bi tsofaffin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya ku cike su tun ƙwaƙwalwa ba ta fara gauraya shekaru ba. A wasan ƙarshe na kowace shekara, kyaftin mai barin gado ya miƙa littafin da kambun hannu ga magajinsa a tsakiyar fili, a gaban kowa.

Akwai wata cuta da nake roƙonka da girman Allah ka yaƙe ta, wato sojan gona. Sau da yawa idan gasa ta matso, sai wani ya kawo shawarar a ɗauko yara biyu ko uku daga kulob ɗin gari a yi musu katin ɗalibi. Na taɓa halartar wata gasa inda aka tsayar da wani ɗan gaba a wajen tantancewa aka tambaye shi sunan shugaban sashensu da kwas ɗin da yake ɗauka, ya tsaya yana kallon kocinsa, aka kori ƙungiyar baki ɗaya, yaran kirki da suka yi wata biyu suna atisaye suka koma mota suna hawaye. Ko ba a kama ku ba, asarar tana nan, domin ɗalibi yana fitowa kallo ne saboda wanda ke cikin fili abokin ajinsa ne ko maƙwabcinsa a ɗakin kwana. Hanyar samun 'yan wasa ta halal ita ce gasar tsangayoyi da ta sassa, a fara ta tun makonnin farko na zangon karatu, a sa ido a kan 'yan aji ɗaya, ta yadda ƙungiyar makaranta za ta kasance tana atisaye duk shekara ba sai takarda ta zo ba.

Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai an daidaita da malamai. Yaron da ya tafi wakiltar jami'a ya dawo ya tarar an yi gwaji an ba shi sifili ba zai sake zuwa ba, kuma mahaifinsa yana da gaskiya idan ya hana shi. Ku nemi majalisar jami'a ta amince a rubuce cewa duk wanda ya tafi wasa da izinin makaranta za a sake masa gwajin da ya rasa, ku kuma ku ɗaura wa kanku sharaɗin cewa wanda makinsa ya faɗi ƙasa da wani mizani zai huta sai ya gyara. Idan kuka zo da sharaɗin na biyu da kanku, na farkon ba zai yi wuyar samu ba.

Game da kuɗi, kada ka fara da neman miliyoyi. Tsofaffin 'yan wasa su ne jarinku, kuma abin da ke jawo su shi ne a nuna an san da su. Ku gayyace su ranar karawar shekara, su buga minti 30 a tsakaninsu kafin babban wasa, a kira sunan kowa da shekararsa a lasifika, a zaunar da su a gaba. Daga cikinsu ne za a samu mai sayen ƙwallaye, da mai biyan kuɗin mota, da likitan da zai tsaya a bakin fili kyauta. Abin da aka tara a sa shi a asusu mai sa hannun mutum uku, malami ɗaya, tsohon ɗalibi ɗaya da kyaftin mai ci, a kuma karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a ranar da ake miƙa littafi.